Saurin shafukan intanet da ake buɗewa cikin manhajojin salula: inda lokaci yake tafiya

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bayani a kan abubuwan da ke sa shafin intanet ya yi nauyi idan an buɗe shi cikin wata manhaja ta salula, kamar Facebook ko manhajar banki, maimakon a buɗe shi cikin burauza. Tana nuna cewa tun daga shekara ta 2014 injin da ke zana shafin kusan iri ɗaya ne a wuraren biyu, kuma jinkirin da ya rage yana fitowa ne daga wurare huɗu: tayar da injin, kai-komon saƙo a kan rezo, aikin furosesa, da ƙarancin ƙwaƙwalwar aiki. Daga ƙarshe tana kawo hanyoyin awo da na gyara.

1. Gabatarwa

Mai karatu da yawa ba ya isa ga shafin intanet ta hanyar rubuta adireshinsa. Yana cikin Facebook ne, ko Instagram, ko TikTok, ya ga mahaɗi, ya taɓa, sai shafin ya buɗe masa nan cikin manhajar ba tare da ya fita ba. Haka kuma manhajoji da dama na banki, na sayen kaya da na makarantu, idan aka duba cikinsu, wani ɓangarensu shafin intanet ne aka sanya wa riga. A ranar 22 ga watan Maris na 2021 an ga yawansu a fili: wani gyara mai aibi da aka aika wa sashen Android mai nuna shafuka ya sa Gmail da manhajoji masu yawa suka riƙa rufewa da kansu a duniya baki ɗaya, har sai da aka aiko da wani gyaran.

Kukan da aka saba ji shi ne shafi cikin manhaja ya fi nauyi. Kukan yana da tushe, amma dalilin da aka fi bayarwa, watau raunin inji, ya tsufa. Manufarmu ita ce mu rarraba wannan jinkiri kashi-kashi, domin wanda zai yi bincike ko zai gina shafi ya san wane kashi ne ke hannunsa, wane ne ke hannun mai manhaja, wane ne kuma ba ya hannun kowa.

2. Ma'anar kalmomi

Tun da yake ba a daidaita kalmomin wannan fanni cikin Hausa ba tukuna, ga yadda za mu yi amfani da su.

Burauza ita ce manhajar da aka yi musamman domin buɗe shafuka, kamar Chrome, Safari ko Firefox. Inji shi ne sashen burauza da ke karanta rubutun shafi ya mai da shi abin gani a kan allo. Manyan injuna uku ne a yau: Blink na Chrome, WebKit na Safari, da Gecko na Firefox. Taga ita ce wannan injin idan aka ba wa wata manhaja aronsa, ba tare da sauran kayan burauza ba. Sunanta a Android WebView, a iPhone kuma WKWebView. Sabar ita ce kwamfutar da ke ajiye shafi tana aika shi ga mai nema. Rumbu shi ne wurin da salula ke ajiye abin da ta riga ta sauko da shi, don kada ta sake nemansa. Kai-komo shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka daga salula zuwa sabar ya dawo. Milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan.

Shafi kansa da harsuna uku ake rubuta shi: HTML mai faɗin abin da ke ciki, CSS mai faɗin kamanninsa, da JavaScript mai ba shi motsi da lissafi. Manhajar da aka rubuta da harshen salular kanta za mu kira ta manhajar asali. Wadda kuma aka haɗa ta da ɓangaren asali da ɓangaren shafi, za mu kira ta ruwa-biyu.

3. Tarihin matsalar

3.1. Zamanin injin mai rauni

A watan Maris na 2011, cikin siga ta 4.3 ta iOS, kamfanin Apple ya sanya wa Safari dabarar fassarar nan-take. Kafin ita, injin yana bin JavaScript ne kamar tafinta, layi bayan layi, kuma in layi ya maimaitu sau dubu, sau dubu zai fassara shi. Da sabuwar dabarar, injin yana lura da sassan da ake yawan maimaitawa, ya juya su gaba ɗaya zuwa harshen furosesa, ya ajiye. Amma wannan yana bukatar izinin rubuta umarni cikin ƙwaƙwalwa sa'annan a zartar da shi, izinin da Apple ya hana wa manhajojin wasu saboda tsaro. Tsohuwar taga ta iPhone, mai suna UIWebView, tana zaune ne cikin ɗakin aiki ɗaya da manhajar da ta are ta, saboda haka hanin ya shafe ta. Shafi ɗaya, salula ɗaya, amma lissafinsa cikin taga ya fi na Safari jinkiri ninki-ba-ninki.

A ɓangaren Android matsalar ta wata fuska ce. Tagar tana manne da tsarin salular, ba ta sabuntuwa sai in kamfanin da ya ƙera salular ya aiko da sabon tsari, abin da galibi ba ya faruwa ga salula masu araha.

Cikin wannan hali ne kamfanin Facebook ya gina manhajarsa a matsayin ruwa-biyu, ya sha kukan masu amfani da ita, har ya sake gina ta iPhone da harshen asali a watan Agusta na 2012, ta Android kuma a watan Disamba. A watan Satumba na shekarar, Mark Zuckerberg ya faɗa a bainar jama'a cewa dogaro fiye da kima a kan HTML5 shi ne babban kuskuren kamfanin. LinkedIn ya bi sahu a 2013, kuma abin lura shi ne dalilin da ya bayar: ƙarewar ƙwaƙwalwar aiki da rashin kayan bincike, fiye da saurin lissafi. Daga wannan zamani ne maganar nauyin taga ta samo asali, ta kuma zauna a bakin mutane.

3.2. Gyaran 2013 zuwa 2016

A 2013, Android 4.4 ta zo da taga da aka gina kan Chromium, tushen Chrome. A 2014, Android 5.0 ta raba tagar da tsarin salula, ta mai da ita abin da ake sabuntawa ta Play Store. A shekarar dai, iOS 8 ta kawo WKWebView, wadda ke aiki cikin ɗakinta dabam, abin da ya ba ta damar yin fassarar nan-take ba tare da an sassauta wa manhajar tsaro ba. Da Chrome na iPhone ya koma kan wannan sabuwar taga a watan Janairu na 2016, Google ya ce rufewar bazata ta ragu da kashi 70 cikin 100. Tun daga watan Afrilu na 2020 Apple ya daina karɓar sababbin manhajoji masu amfani da tsohuwar tagar.

An kuma cire wani jinkiri da ba shi da alaƙa da ƙarfin inji. A da, in aka taɓa allo, injin yakan jira milisakan 300 zuwa 350 ya ga ko za a sake taɓawa domin ƙara girman shafi. Chrome ya cire wannan jira a 2014 ga shafukan da suka bayyana cewa an tsara su daidai faɗin salula, iOS kuma ta cire shi a siga ta 9.3, cikin 2016.

Ke nan, a kan salular da ake sabuntawa, injin taga da na burauza ƴan gida ɗaya ne. Abin tambaya shi ne me ya sa har yanzu mai karatu yake jira.

4. Wurare huɗu da lokaci ke tafiya

4.1. Tayar da inji da rumbun da ba kome

Burauza takan kasance a shirye: injinta ya riga ya tashi, wani lokaci ma ta riga ta buɗe hanya zuwa sabar da take zaton za a nema. Taga kuwa, a karon farko da manhaja ta kira ta, tilas a ɗauko injin daga ma'ajiyar salula, a loda shi cikin ƙwaƙwalwa, a buɗe masa ɗakin aiki, kafin a aika ko da harafi ɗaya zuwa sabar. Duk wannan lokaci allo fari ne.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Kowace manhaja tana da rumbun tagarta dabam. Shafin da ɗalibi ya buɗe jiya cikin Chrome, da hotunansa da zubin haruffansa duka suna rumbun Chrome. In ya taɓa mahaɗin shafin yau cikin Facebook, tagar ba ta ganin wannan rumbu, sai ta sauko da kome daga farko. Haka ma ƴan takardun shaidar nan da ake kira kukis, waɗanda ke tuna wa sabar cewa mutum ya riga ya shiga da sunansa: su ma ba a raba su, shi ya sa ake sake tambayarsa kalmar sirri. An yi wannan rabo ne domin tsare sirrin mutane, kuma dalili ne mai kyau, amma sakamakonsa shi ne mai shigowa ta taga kusan kullum baƙo ne. Duk dabarar da mai shafi ya dogara da ita wadda ke aiki sai a ziyara ta biyu, ba ta amfanar wannan mai karatu sosai.

4.2. Kai-komo a kan rezo

An saba auna rezo da yawan megabit da yake ɗauka cikin sakan. Amma ga buɗe shafi, tsawon kai-komo ya fi wannan tasiri, domin kafin harafin farko ya iso akwai gaisuwa mai matakai, kuma kowane mataki sai ya jira na gabansa. Neman lambar sabar daga sunanta: kai-komo ɗaya. Buɗe hanya ta ƙa'idar TCP: ɗaya. Yarjejeniyar ɓoye saƙo ta TLS 1.2: biyu. Neman shafin kansa: ɗaya. Jimla biyar. In muka ɗauka, domin sauƙin lissafi, cewa kowane kai-komo milisakan 200 ne, sakan guda cur ya tafi ba a ga kome ba. TLS 1.3, wadda aka tabbatar a 2018, ta rage ɗaya, saura milisakan 800. Ƙa'idar QUIC ta 2021, wadda HTTP/3 ke hawa kanta, ta haɗa buɗe hanya da yarjejeniyar wuri ɗaya, saura 600.

Ga mai shigowa ta manhajar zumunta akwai ƙari. Mahaɗin da ya taɓa sau da yawa ba ya zuwa kai tsaye; yakan biya ta sabar kamfanin tukuna, kamar t.co ko l.facebook.com, wani lokaci kuma ta wata sabar mai gajarta adireshi, kuma kowace sabuwar sabar da tata gaisuwar.

Bayan gaisuwa ma, sabar ba ta zubo kome gaba ɗaya. Tana farawa da ƙunshi goma, kimanin kilobait 14, ta jira amsa, sa'annan ta ninka. Saboda haka kilobait 100 na bukatar kai-komo uku a kan sabuwar hanya, kome faɗin rezon.

Wani ɓangare na kai-komo ba ya raguwa, domin nisa ne. Haske cikin zaren gilashi yana tafiyar kilomita 200 cikin milisakan ɗaya. Tsakanin Yamai da Paris akwai kimanin kilomita 3 900 a miƙe, watau kusan milisakan 40 zuwa da dawowa ko da an shimfiɗa zaren a kan layi madaidaici. A zahiri kuwa, tun da Nijar ba ta da gaɓar teku, saƙon sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta zuwa inda wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka, irin su Kwatano, ban da lokacin da yake ɓatawa tsakanin salula da eriya. Shafin da aka ajiye a Turai ko Amurka yana biyan wannan nisa a kowane mataki na gaisuwar da muka lissafa.

4.3. Aikin furosesa

Da rubutun shafi ya iso, injin zai karanta HTML, ya gano fayilolin CSS da JavaScript da ake bukata, ya nemo su, ya lissafa wurin zaman kowane abu, sa'annan ya zana. Mafi yawan wannan aiki a kan layi guda yake bi, wanda ake kira babban zare, kuma wannan zaren ne dai ke amsa taɓawar mai karatu. In JavaScript ya riƙe shi, shafin yana iya bayyana a ido amma ba ya jin taɓi. Masana fannin suna kiran duk aikin da ya wuce milisakan 50 dogon aiki. Domin motsi ya tafi sumul a kan allo mai sabunta hoto sau 60 cikin sakan, tilas kowane hoto ya kammala cikin milisakan 16,7.

Nan ne ake gane cewa nauyin fayil ba ya nuna nauyin aikinsa. Hoto mai kilobait 200 da JavaScript mai kilobait 200 lokaci ɗaya suke ɗauka a kan hanya, kuɗi ɗaya kuma suke ci. Amma JavaScript a matse yake zuwa; sai an warware shi ya ninka girma, a karanta shi, a fassara, a zartar. Salula mai tsada tana gama wannan kafin a lura. Salula mai araha, irin waɗanda suka fi yawa a kasuwanninmu, tana iya ɗaukar ninkin wannan lokaci sau da dama, kuma cikin taga tana yin aikin ne alhali manhajar da ta buɗe tagar tana nan a raye tana cin nata rabon.

Akwai kuma abin da mai manhaja ke ƙarawa. Taga tana ba shi ikon cusa nasa JavaScript cikin kowane shafi. A watan Agusta na 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa manhajojin Instagram, Facebook da TikTok na iPhone suna yin haka, kuma abin da TikTok ke cusawa yana iya sauraren abin da ake bugawa a allon rubutu. Kamfanin ya amsa cewa domin gano matsala da auna sauri kawai yake amfani da shi. Muhawarar ta sirri ce, amma ta shafi batunmu: abin da ke gudana cikin taga ya fi abin da mai shafi ya rubuta, kuma ba shi da iko a kan ƙarin.

Ga manhajar ruwa-biyu akwai wani kuɗin na dabam, na gada. In shafi yana son kyamara ko wurin da mutum yake, sai ya aika saƙo zuwa ɓangaren asali. Tun da ɓangarorin biyu suna ɗakuna dabam, tilas a tattara saƙon, a kwafe shi, a ƙetare da shi, a warware. Saƙo ɗaya ba ya da nauyi. Saƙo ɗari cikin sakan, ko hoto guda da aka mai da shi rubutu domin ya ƙetare, shi ke kawo tsaiko.

4.4. Ƙwaƙwalwar aiki

Hoton da aka ɗauka da salula, mai ɗigo 4 000 a faɗi da 3 000 a tsaye, yana iya zama megabait 3 a fayil. In aka buɗe shi da cikakken girmansa domin nunawa, kowane ɗigo bait 4 yake ci: ɗigo miliyan 12 sau 4, megabait 48 ke nan. Shafin sanarwa mai irin waɗannan hotuna goma yana iya neman abin da ƙaramar salula ba ta da shi. Domin irin waɗannan salula ne Google ya fito da Android Go a 2017, wadda aka yi wa masu gigabait 1 ko ƙasa da haka.

In ƙwaƙwalwa ta ƙare, tsarin salula yakan kashe wani ɗakin aiki domin ya ceci saura. Tun da tagar zamani tana ɗakinta dabam (a iPhone tun 2014, a yawancin salular Android tun siga ta 8.0 a 2017), ana iya kashe ta manhajar ta rayu. Abin da mai karatu ke gani shi ne shafin ya koma fari, ko ya sake lodi daga farko, abin da ya rubuta cikin fom ya ɓace. Tsarukan biyu suna sanar da manhaja in haka ta faru, amma sai in mai ginin ya tanadi abin da za a yi.

5. Wani misali da ya shafi Hausa

Shafuka da yawa suna sauko da zubin haruffa na musamman. Domin rage nauyi, masu rarraba su, kamar Google Fonts, suna yanka kowane zubi gida-gida, injin ya sauko da gidan da shafin ke bukata kawai. Haruffan Faransanci duka, har da é, ç da œ, suna gidan farko. Haruffan Hausa masu ƙugiya kuwa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, suna wajensa: a jerin Unicode, ƙ da ƴ suna wani rukuni na ƙarin haruffan boko, ɓ da ɗ kuma suna rukunin alamomin furuci. Saboda haka takarda mai harshe biyu kamar wannan, ɓangarenta na Faransanci fayil ɗaya yake bukata, na Hausa kuwa biyu, in ma zubin yana da haruffan. In ba shi da su, injin yakan aro su daga wani zubin, su fito da wata kama dabam a tsakiyar kalma.

Yayin jiran fayil ɗin, Chrome da tagarsa sukan ɓoye rubutun da abin ya shafa har tsawon sakan 3, sai in mai shafi ya ba da umarnin a nuna shi da zubin salula tukuna. A burauza wannan jira na ziyarar farko ne. A taga, saboda abin da muka faɗa a 4.1, yana maimaituwa cikin kowace manhaja. Mafi sauƙin magani shi ne a bar zubin da ke cikin salular ya yi aikin, bayan an gwada an ga yana nuna haruffan huɗu, manya da ƙanana.

6. Hanyoyin da kamfanoni suka bi

Hanya ta farko ita ce a ɗauke shafin daga hannun mai shi. A watan Mayu na 2015 Facebook ya fito da Instant Articles, yana cewa labaran jaridu suna ɗaukar sakan 8 a matsakaici kafin su buɗe. Sai ya riƙa ajiye labaran a sabar tasa. Google ya fito da AMP a watan Oktoba na shekarar. Saurin ya samu, amma jaridu sun rasa iko a kan shafukansu. Google ya daina sharɗanta AMP ga manyan labarai a 2021, Facebook kuma ya rufe nasa tsarin a watan Afrilu na 2023.

Hanya ta biyu ita ce manhaja ta aro burauzar kanta maimakon injinta kawai. Wannan shi ne Custom Tabs a Android da SFSafariViewController a iPhone, duka na 2015. A Android shafin yana samun rumbu da kukis na burauzar, kuma manhaja tana iya gaya mata ta tayar da inji, ta buɗe hanya, tun kafin a taɓa mahaɗin. A iPhone an raba kukis ɗin da na Safari tun daga iOS 11, a 2017. A duka biyun mai manhaja ba ya iya cusa kome cikin shafin.

Hanya ta uku ita ce manhaja ta zo da nata injin. A watan Satumba na 2022 kamfanin Meta ya sanar cewa manhajar Facebook ta Android za ta ɗauki nata injin na Chromium, kuma dalilin da ya bayar shi ne mutane da yawa suna sabunta Facebook amma ba su sabunta tagar salularsu. Wannan yana tuna mana cewa daidaiton inji da muka ambata a 3.2 yana da sharaɗi: a salular da mai ita ya kashe sabuntawa domin tsimin kuɗin intanet, tagar tana iya zama tsohuwa da shekaru.

7. Awo

A 2020 Google ya tsayar da ma'aunai uku da suka zama ruwan dare. Na farko, lokacin da mafi girman abin da ke allo ya bayyana: kada ya wuce sakan 2,5. Na biyu, jinkirin amsa taɓi: a sigar da aka ɗauka tun watan Maris na 2024, kada ya wuce milisakan 200. Na uku, yawan gocewar abubuwa daga wurinsu yayin lodi: kada ya wuce 0,1. Ana cewa shafi ya ci jarrabawa in kashi 75 cikin 100 na ziyarce-ziyarce sun cika sharaɗin.

Amma akwai abin da ya kamata mai bincike ya sani. Babbar taskar alƙaluman da Google ke bugawa, wadda ake kira CrUX, daga masu amfani da Chrome ake tattara ta, kuma ziyarar da aka yi ta taga ba ta shiga ciki. Shafi yana iya cin jarrabawa a taskar alhali waɗanda suka zo masa ta Facebook suna shan jira. Wanda ke son sanin halinsu, tilas ya auna da kansa. Hanya biyu ce. Ta farko, a sanya ɗan gajeren JavaScript cikin shafin mai karanta agogon injin ya aika sakamako. Ana gane ziyarar taga ta Android da alamar wv cikin sunan da injin ke gabatar da kansa da shi, ta Facebook kuma da alamu irin su FBAV. Ta biyu, a haɗa salula da kwamfuta ta waya a bi aikin mataki-mataki, abin da Android ta ba da dama tun siga ta 4.4, muddin mai manhajar ya buɗe wannan ƙofa. A kowace hanya, gwajin da aka yi da salula mai tsada kan rezon ofis, da rumbu cike, ba ya faɗin kome game da mai karatun da muke magana a kansa.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, aiki ya rabu gida uku. Mai manhaja shi ke da ikon tayar da inji da wuri, da rage saƙonnin gada, da tanadin abin yi in an kashe taga, da zaɓen aron burauza in shafin ba nasa ba ne. Mai shafi shi ke da ikon sanya rubutun da ake nema cikin HTML na farko domin ya iso cikin kilobait 14 na farko, da rage yawan sabar da ake gaisawa da su, da rage JavaScript, da yanka hotuna daidai allo, da duba zubin haruffa. Nisa kuwa ba ya hannun ɗayansu, sai dai a matso da sabar kusa ko a rage yawan kai-komo.

Wannan ya shafi jami'o'inmu kai tsaye, domin sanarwar rajista ko ta sakamakon jarrabawa sau da yawa ta mahaɗi take yaɗuwa, kuma ɗalibin da shafi ya ƙi buɗe masa a ranar ƙarshe ta rajista ba ya da wanda zai kai wa kuka. Aikin da ke jiran ɗaliban bincike a bayyane yake, kuma ba ya bukatar kayan aiki masu tsada: a ɗauki shafi ɗaya da salula ɗaya mai araha, a buɗe shi cikin burauza da cikin taga, da rumbu cike da kuma ba kome, a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, a lokuta dabam-dabam na yini, a rubuta kason kowane ɗaya daga cikin wurare huɗun da muka lissafa. Da irin waɗannan alƙaluma ne za a san gyaran da ya kamata a fara da shi.